Labarin Ƙasa ba na kan benci ba ne: zare daga bakin ruwan Yauri

1/ Jama'a, musamman 'yan Yauri, Ngaski da Shanga, ga tambaya kafin ku wuce. Me ya sa Kogin Kwara ke kawo sabon ruwa a Disamba da Janairu, ana tsakiyar hunturu, alhali rabonmu da ɗigon ruwan sama tun Oktoba? Daga ina ruwan nan yake fitowa? Kowa ya riƙe amsarsa. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Ni malamin Labarin Ƙasa ne, jogirafi in ji ɗalibai, a wata sakandare a ƙasar Yauri. Duk shekara sai na yi wa 'yan SS2 wannan tambaya. Yaran da aka haifa a bakin ruwan nan fa, a ciki suka koyi iyo, kifinsa suke ci. Akasari sai aji ya yi tsit. Amma ce musu su jero manyan tafkuna biyar na Amurka ta Arewa, kafin ka rufe baki sun gama.

3/ Kuma ba laifinsu ba ne. Abin da aka rubuta musu a allo shi suka haddace. An koya musu cewa ilimi abu ne da ke cikin littafi, kogi kuma wurin wanki ne da kamun kifi. Ba wanda ya taɓa kai su bakin ruwa da takarda da biro ya ce musu: to, wannan da kuke gani shi ne darasin.

4/ Ga amsar. Kogin Kwara, wanda littafi ke kira Neja, yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,180. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa da shi, sai ya nausa arewa maso gabas, ya shiga Mali, ya yi kwana a wajen Tumbuktu, ya biyo ta Gao da Yamai da Gaya, sannan ya shigo mana ta Jihar Kebbi.

5/ A tsakiyar Mali, yankin Mopti, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ruwan daminar Gini in ya iso nan sai ya bazu cikin fadamu da tafkuna, ya yi ta tafiyar hawainiya. Rana ta shanye kaso mai yawa, lakar da ya ɗauko ta kwanta. Abin da ya rage sai bayan watanni yake isowa gare mu, garau da shi. Shi ne baƙin ruwa.

6/ Farin ruwa kuwa namu ne na kusa. Ruwan daminarmu ne, wanda Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke zubowa cikin Kwara daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka, shi ya sa yake a gurɓace. Ke nan cika biyu muke samu a shekara ɗaya. Ruwan da aka yi wa manomin Gini da damina, shi ɗan Yauri ke shayar da albasa da shi a hunturu.

7/ Ku dubi abin da ke cikin wannan amsa guda ɗaya: yanayi, tudu da gangare, laka, noma, kasuwa, har da dangantakar ƙasashe. Rabin manhajar SS2 ke nan. Kuma hujjar ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Gora biyu kawai: ka ɗebi ruwan kogi a Satumba, ka sake ɗiba a Janairu, kowanne ya kwana a ajiye. Dubi gindin gorar. Gani ya kori ji.

8/ Wannan shi ake kira aikin fili. Ɗalibi ya fita da tambaya, ya duba, ya auna, ya ƙirga, ya tambayi mutane, ya rubuta, ya dawo aji ya fitar da ma'ana. Tambaya da awo su ne ginshiƙinsa. In babu su, to yawo ne kawai aka yi, ko da har Abuja aka je.

9/ Abin da da yawa ba su sani ba: aikin fili yana cikin manhajar WAEC baƙi da fari. An ce ɗalibi ya yi bincike a yankinsu kan abu ɗaya, kamar yadda ake amfani da ƙasa, ko kasuwa, ko zirga-zirgar motoci, ko zaizayar ƙasa. Makaranta ce za ta duba, ta sa makin cikin CA. Wato ba alfarma ba ce malami zai yi maka. Haƙƙinka ne.

10/ To ku da kuka yi jogirafi a sakandare, tsakani da Allah, wa aka taɓa fitar da shi ya auna wani abu? Abin da na fi gani shi ne a ce kowa ya kawo rahoto, yara su juyo na 'yan ajin bara, a ba da maki, shi ke nan. Har awon fili da sarƙa da kamfas ana koyar da shi a allo, yaro bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannunsa ba.

11/ Me ya kashe shi? A ganina abu na farko shi ne mun rikita aikin fili da eskoshon. Da an ce fita, sai tunani ya tafi ga hayar bas, kuɗin mai, abinci, wasiƙar neman izini, a tafi Dam ɗin Kainji a ɗauki hoto a dawo. In babu kuɗin bas, sai a ce bana babu fita. Haka shekara ke bin shekara.

12/ Ba na raina zuwa Kainji. Yana da kyau yaro ya ga injinan da ke ba da wuta da idonsa. An fara ginin dam ɗin a 1964, aka gama a 1968, injina 8 aka kafa masu ƙarfin megawat 760. Amma katangar tana can Jihar Neja, kusa da New Bussa. Abin da katangar ta haifar kuwa, mu ne muke kwana muke tashi a cikinsa.

13/ Tafkin ya kai wajen kilomita 135 a tsawo, fadinsa gaba ɗaya ya haura murabba'in kilomita 1,200. Mutum sama da 40,000 aka tayar daga gidajensu. Tsohuwar Bussa ta nutse. Gungu da dama sun nutse, tare da gonaki da makabartu. Gungawa, Kambari, Shangawa, Lopawa, Sarkawa, kowa ya ji a jikinsa. Wannan duk ba sai ka hau bas za ka gani ba.

14/ Abu na biyu, kuma shi ne mai nauyi: tsaro. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Duk wanda ke yankin nan ya san yadda gari ya kasance a lokacin. Allah kada Ya maimaita mana.

15/ Bayan wannan, wane shugaban makaranta ne zai sa hannu a ɗebi yara 60 a bas a kama hanya? Wane uba zai yarda? Ni kaina ba zan nemi a yi ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya hana. Ran yaro ɗaya ya fi duk wani darasi. A nan mun yi daidai da kowa.

16/ Inda nake da ja shi ne a ce tunda doguwar tafiya ta gagara, to aikin fili ya mutu. A'a. Abin da ya mutu eskoshon ne. Aikin fili na gaske yawanci a ƙafa ake yin sa, cikin gari, inda kowa ya san ɗan wane ne wannan, a fita bayan darasi na biyu a dawo kafin azahar. Kuma a riƙa maimaita shi, ba sau ɗaya a shekara ba.

17/ Abu na uku, jarrabawa. Malami yana kallon abin da za a tambaya a takarda, shi yake bi. Jogirafi kuma yanzu zaɓi ne, ba dole ba, ga yara na gudunsa saboda karatun taswira. To me ya sa taswira ke ba su tsoro? Saboda layukan tudu da gangare a wurinsu zane ne kawai. Ba su taɓa tsayawa kan tudu da takarda a hannu sun ga yadda ya koma layi ba.

18/ A Ingila sun ga wannan matsala, sai suka ɗaure ta da doka. Tun 2016, mai yin jogirafi a matakin GCSE dole a fitar da shi aikin fili sau biyu a wurare mabambanta, kuma ana tambaya a kai a jarrabawa. A matakin A-level kwana huɗu ne, binciken ɗalibi na kansa yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na maki. Abin da aka sa wa maki, shi ake yi.

19/ Bari in ba ku misalin yadda muke yi. Daga makarantarmu zuwa bakin ruwa tafiyar minti 15 ce. Na rubuta wa iyaye, na sanar da mai unguwa, wata malama ta rako mu saboda 'yan mata. Doka ɗaya: ba mai sa ƙafa a ruwa, ba mai hawa kwalekwale. Kayan aiki: igiya mai ƙulli a kowace mita, fenti, littafi, da gora.

20/ Muka zaɓi wata bishiya da ba ta motsi, muka shafa mata fenti. Duk ranar Laraba rukuni ɗaya na yara biyar ke zuwa su auna daga gindinta zuwa inda ruwa ya tsaya. Mita nawa yau? Wane launi ruwan yake? Me aka shuka a inda ya janye? Minti 20 an gama. Lambar kuma a rubuta ta a jadawalin da ke manne a bangon aji.

21/ Bayan zango biyu, da aka haɗa ɗige-ɗigen, yara suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Ruwa ya fi cika a hunturu. Daga wajen Maris ya fara ja da baya, ya yi ta ja har damina ta kankama. Wato ana ruwan sama amma tafki yana ƙasa. Wata yarinya ta ce, "Malam, ko mun yi kuskure a awon?" Na ce a'a, sai dai ku nemo dalili.

22/ Dalilin biyu ne, kuma da kansu suka kamo shi. Na ɗaya baƙin ruwa da ya zo a makare. Na biyu, dam yana sakin ruwa duk rani don a samu wuta, ga shi abin da ke shigowa ya ragu. A shekara tafkin kan sauka da wajen mita 10 kafin farin ruwa ya sake cika shi. Ƙasar da ya bari a jiƙe ita ce ake nomawa.

23/ Wata rana wani dattijo masunci yana gyaran birgi kusa da mu, ya daɗe yana kallon yaran da igiyarsu. Can ya ce, "Malam, mi kuka biɗa?" Na ce, "Baba, ruwa muke aunawa." Ya yi dariya, ya nuna wata saiwa a gaɓa ya ce in ruwa ya taɓa ta, to baƙin ruwa ya gama zuwa, a fara shirin bin sa da shuka.

24/ Yara suka zagaye shi. Ya gaya musu wane kifi ke yawa a wane ruwa, yaushe giwan ruwa ke kusanto gaɓa, ina kurungu da tarwaɗa ke ɓuya, ina kututturan da ruwa ya shanye suke. Sai wani yaro ya ce, "Baba, daga ina baƙin ruwan ke zuwa?" Ya ce, "Daga yamma, ɗana. Can nesa." Yaron ya buɗe littafi ya nuna masa Gini da Mali.

25/ To nan ne maganar take. Baba ya san lokaci da launi da alamar ruwan a wannan gaɓa, abin da babu littafin da ya rubuta. Littafi ya san inda ruwan ya fito da abin da ya jinkirta shi. Kowanne rabin sani ne a hannunsa. Aikin fili shi ne wurin da rabin nan biyu ke haɗuwa, a cikin kan yaro ɗan shekara 16.

26/ Wani abu kuma da na lura. Yaran da ke zama a bayan aji, 'ya'yan masunta da manoman fadama, waɗanda Turanci ke ba wahala, su ne ke gaba in an fita. Su suka san sunan kowace ciyawa da kowane irin ƙasa. Ranar da yaro ya gane abin da ya sani daga gida ma ilimi ne, zamansa a aji yakan canza.

27/ Ga wasu ayyukan da kowace makaranta a yankin nan za ta iya ba tare da ko sisin bas ba.
Na ɗaya, ma'aunin ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a ajiye shi a fili nesa da bishiya da rufi, a auna zurfin ruwan da rula duk safiya. A ƙarshen damina a haɗa. Yelwa kan samu wajen milimita 1,000 a shekara. Naku nawa ya ba ku?

28/ Na biyu, kasuwa. Albasar Yauri da busasshen kifinta ina suke zuwa? Yara su tambayi dillalai da direbobi: daga wane ƙauye kayan suka fito, wane gari za su, nawa buhu a kaka, nawa bayan wata uku. Su zana kibiyoyi a taswira. Ga darasin kasuwanci da sufuri ya fito, da farashin da iyayensu ke kuka da shi a gida.

29/ Na uku, zaizaya. Kusan kowane gari yana da kwazazzabon da ke cin hanya ko bayan gida. A kafa turaku biyu nesa kaɗan da bakinsa kafin damina, a auna, a sake aunawa bayan damina. Mita nawa ya ci? In aka yi shekara uku ana yi, kun samu lambar da za ku kai wa kansila. Da lamba a hannu, magana takan fi nauyi.

30/ Na huɗu, tashar jiragen ruwa. Wannan ba wasa ba ne. Ranar 26 ga Mayu 2021, sati uku kafin abin da ya faru a Birnin Yauri, jirgi ya tarwatse da mutane a kusa da Wara, ƙaramar hukumar Ngaski. Gomman rayuka suka salwanta, har da mata da yara. Hukumomi sun ce lodi ya yi masa yawa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

31/ Yara su tsaya a kan gaɓa, daga nesa, su ƙirga: jirgi nawa ya tashi cikin awa ɗaya, mutum nawa a ciki, nawa ke sanye da rigar kariya, ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi. Ba don a kunyata kowa ba. Yaron da ya taɓa ƙirga wannan da kansa, gobe in ya ga jirgi ya nutsa har baki, zai yi tunani kafin ya shiga. Kuma zai gaya wa uwarsa.

32/ Na biyar shi ne wanda ya fi damuna, don lokaci na ƙure masa. Wanda yake da shekara 10 a 1968 yau ya doshi 70. Su ne na ƙarshe da suka taka gungun da ke ƙarƙashin ruwa da ƙafarsu. Sun san ina kasuwa take, ina mashigi, ina gonar wa. In suka tafi ba a rubuta ba, waɗannan garuruwa sun nutse karo na biyu.

33/ Aikin mai sauƙi ne. Kowane ɗalibi ya zauna da kakarsa ko kakansa: ya sunan garinku na da? Ina yake daga nan, gabas ko yamma? Me kuke nomawa? Ina aka mai da ku? Gidan sumuntin da gwamnati ta gina muku ya dace da zamanku? A zana, a haɗa na kowa a takarda ɗaya. Wannan taswirar babu ita a Google.

34/ Abu ɗaya da ban yarda a kai yara ba shi ne ramukan zinariya. Kowa ya san ana haƙa a yankin Bin Yauri da kewaye. Akwai darasi a ciki, amma rami na ruftawa, ƙura kuma na iya zama guba. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Wannan a yi shi a aji, da hoton sama da bayanin masana.

35/ Sai maganar waya. Wasu na cewa ai yanzu da Google Earth an huta da fita. Ina amfani da shi, kuma ina son sa. Za ka iya komawa baya ka ga yadda gaɓar tafki ta canza tun shekarun 1980. Taurarin Landsat na ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma hotunan kyauta ne. GPS ɗin wayarka ma ba ya buƙatar data kafin ya nuna inda kake.

36/ Amma hoton sama zai nuna maka kore ne kawai. Ba zai gaya maka albasa ce ko shinkafa ko ciyawar ruwa ba, balle wa ke da gonar, ko me ya sa aka daina noma ta. Sai wani ya je ya tsaya a wurin ya tabbatar. Duk masu aikin taswira na zamani haka suke yi. Waya kayan aiki ce, kamar igiyarmu mai ƙulli. Ba ta maye gurbin ƙafa.

37/ Kuma ga dama ga matasa. Ku buɗe taswirar wayarku ku duba tungayen da ke bakin tafki daga Shanga zuwa Wara. Nawa ne babu sunansu? OpenStreetMap kowa na iya ƙara wuri a kai kyauta. Ƙauyen da ba ya kan taswira, mai kawo agajin ambaliya ko rigakafi zai iya tsallake shi. Wannan sana'a ce da ake ɗaukar mutane aiki a kanta, kuma a SS2 ake fara ta.

38/ Me ya sa nake ganin gaba ta fi buƙatar wannan? Ruwan nan ba zai zauna yadda muka san shi ba. Mun ga ambaliyar 2012, mun ga ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi, mun ga ta 2022. Ga Jamhuriyar Nijar tana gina dam a Kandadji, sama da Yamai, a kan wannan kogi dai. In ya fara aiki, lokacin isowar ruwa da yawansa na iya canzawa.

39/ Ranar da hakan ta faru, wa zai iya cewa ga yadda ruwan yake a da, ga yadda ya koma, a gaɓar Zamare ko Gebbe ko Wara? Sai wanda ya rubuta. Ku yi tunanin makarantu goma a bakin tafki, kowace da bishiyarta da littafinta, shekara goma a jere. Ɗaliban za su wuce, littafin yana nan. Wannan dukiya ce ta gari.

40/ Wani abin da nakan tuna wa ɗalibai. Mungo Park ya mutu a guguwar ruwan Bussa a 1806 yana neman sanin inda kogin nan ya ƙare. Richard da John Lander sun zo har Yauri a 1830 kafin su bi shi zuwa teku. Mutane sun ƙetaro duniya don su rubuta kogin da ke bayan gidanmu. Mu da muke da shi kyauta, me muka rubuta?

41/ Roƙona ga 'yan'uwana malamai: kada mu jira bas. Mu fara da harabar makaranta ma, yara su auna ta da taku su zana. Rukuni ƙanana, izinin iyaye a rubuce, sanin mai unguwa, malama tare da 'yan mata, a dawo da wuri. In gari ba lafiya, a fasa, babu gardama. Ma'aunin ruwan sama ko a tsakar gida yana aiki.

42/ Ga shugabannin makarantu da ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi: a ware darasi biyu a jere, ko sau ɗaya a wata, don fita. A daina karɓar rahoton da babu lambobin da yaro ya auna da hannunsa. Ga cibiyar binciken kifi ta NIFFR a New Bussa, da masana ruwa a cikinta. In yara ba za su iya zuwa ba, a gayyato masanin ya zo.

43/ Ga masarauta kuma: Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya san darajar bincike. Me zai hana a bikin Rigata a ware rumfa ɗaya inda makarantu za su baje taswirorinsu da jadawalin ruwansu? Ana tseren jirage a ruwa, ana gasar sanin ruwan a gaɓa.

44/ Ku kuma ɗalibai, ku tambayi malaminku cikin ladabi: "Malam, yaushe za mu yi aikin filin da ke cikin manhaja?" Wataƙila shi ma jira yake wani ya nuna sha'awa. In ba a samu ba, ku uku ku haɗu ku fara. Gwangwani da rula da littafin 40 lif. Ba wanda ya taɓa hana mutum auna ruwan saman da ya sauka a gidansu.

45/ Na ƙarshe, aikin gida ga duk wanda ya karanto har nan. In kana da tsoho ko tsohuwa da aka tayar lokacin dam, yau ka zauna da su. Ka tambayi sunan garinsu na da, da inda aka mai da su. Ka rubuto a ƙarƙashin wannan zare, sunan gari kawai, ban da sunan mutum. Zan tattara, ɗalibaina su ɗora a taswira, in dawo muku da ita nan in sha Allah. A tura wa malamin jogirafin da aka sani.